Yadda Ake Ɗebo Dutsen Farar Ƙasa a Duhu, a Gwada Yadda Rana Ke Cin Ƙyallinsa

Wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru ya san garin Figil ko bai taɓa sauka ba: farar ƙura a kan ganyaye, manyan motoci shaƙe da buhunan siminti, ga ramukan da ake fasa farin dutse. Wannan dutse shi ne dutsen farar ƙasa, masu Faransanci su ce kalker. Wanda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa har zafi da nauyi suka sauya shi ya yi sheƙi, irin na ƙauyen Bidzar da ke kusa da Figil, shi ake kira mabul. Abin da yawancin masu wucewa ba su sani ba shi ne dutsen nan yana da haske a ajiye a cikinsa. In ka niƙa shi ka barbaɗa a kan ƙarfe mai zafi a ɗaki mai duhu, sai ya kama ƙyalli launin ruwan lemo, kamar garwashin da ke shirin mutuwa, ya ɗan jima, sannan ya ɗauke. Masana suna kiransa tamoluminesans, a taƙaice TL. Ni ƙyallin zafi nake ce masa, kuma haka zan riƙa kiransa a nan.

Na daɗe ina raka masu binciken duwatsu da na kayan tarihi ɗibar samfur, har hannuna ya faɗa. Abin da ya fi ɓata mana aiki ba rashin na'ura ba ne. Haske ne. Yana cin ajiyar dutsen ba tare da ya bar alama ba: dutsen da rana ta cinye da wanda ba ta taɓa ba, a ido duk ɗaya suke. Saboda haka zan nuna maka abu biyu, ɗan'uwa: yadda za ka ɗebo dutse haske bai gan shi ba, da yadda za ka auna da kanka irin cin da rana take yi masa.

Ɗan bayanin da ba makawa

Kusan duk jikin dutsen farar ƙasa ma'adinin kalsait ne. Tsarin kalsait bai cika cif ba, akwai 'yan gurabu a ciki masu aiki kamar tarko. A cikin dutsen da ƙasar da ke kewaye da shi akwai burbushin yuraniyom da toriyom da fotasiyom, kaɗan ƙwarai, masu fitar da radiyeshin, wato wani ƙarfi da ido ba ya gani, ga kuma radiyeshin da ke saukowa daga sararin samaniya. Su ne ke ture ilektron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke cikin dutsen, daga mazauninsu, wasu su faɗa tarko su zauna shekaru dubbai. Ka ɗauke shi kamar asusu, kullum ana jefa kwabo. Zafi ne ke fasa asusun: ilektron su kuɓuta, su saki haske. Launin lemon kuwa daga ɗan manganis ɗin da ke cikin kalsait yake zuwa.

Ba lokaci guda ƙyallin yake fita ba. Tarko mara zurfi yana saki tun wajen digiri 100 da 'yan kai, amma wannan ba ya riƙe ajiya da daɗewa ko ba a taɓa dutsen ba. Waɗanda ake dogaro da su suna saki wajen digiri 280, sai kuma wajen 350.

Haske shi ba fasa asusun yake yi ba, zare kuɗin yake kaɗan-kaɗan, kuma ɓangaren shuɗi da na altarabayolet, wato hasken rana da ido ba ya gani, ne suka fi ci. Ka riƙe abu uku. Na farko, kalsait yana da taurin kai: ƙwayar yashin ƙanƙara, wato farin dutsen nan mai tauri ba ta ruwa ba, takan rasa ajiyarta mai jin haske cikin daƙiƙoƙi a rana, shi kuwa sai awanni, har kwanaki. Na biyu, rana ba ta cinyewa duka, akwai ragowar da take tsayawa ko an ƙara shanya. Na uku, fatar dutse kawai haske yake ci. A dutse mai duhun launi bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma a farin mabul yakan kutsa fiye da haka nesa ba kusa ba.

Amfanin sanin wannan? Tun a 1953 Farrington Daniels da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka kawo shawarar cewa ana iya ƙiyasta shekaru da ƙyallin zafi, a shekarun 1960 kuma Martin Aitken da mutanensa a Oxford suka mayar da shi hanyar gane shekarun tukwane, domin gashin tukunya yana fasa asusun ya soma sabon tari. Dutsen gini ba a gasa shi. A 1994 wani masani ɗan Girka, Ioannis Liritzis, ya kawo shawarar cewa rana ma tana iya share fatar dutsen yayin da magina ke sassaƙa shi a fili, in aka ɗora wani dutse a kai aka rufe fuskar sai tari ya soma daga ranar. Da wannan dabara aka gwada tsoffin gine-ginen Girka, har da haikalin Apollo da ke Delfi. Duk lissafin kuwa ya rataya ne a kan sanin iya abin da rana ta ci da abin da ta bari.

Kayan aiki

Na fili: guduma mai nauyin kilo ɗaya ko biyu; kurfi mai faɗin baki; tabarau na kare ido da safar hannu; takalmi rufaffe; jar fitila; baƙin tamfol mai kauri ko bargo biyu; takardar alminiyom mai kauri; baƙar leda mai kauri; baƙin tef na masu wayarin; gwangwanayen madara masu murfi; farar leda mai zif; alƙalamin da ba ya gogewa; littafi; tef ɗin awo; lemun tsami ko binega; ƙaramar wuƙa.

Na gida: ɗakin da za a iya toshewa ruf, bayis na makanikai ko ƙaramin turmin ƙarfe, matacin shayi da ƙyalle mai laushi, farantan silba bakwai ko fiye, siririyar farar ledar rufe abinci, kaskon ƙarfe mai kauri wanda mai bai taɓa shi ba, awartaki, gawayi, takunkumi.

Maganar jar fitila tana son tsayawa. Wadda ta fi ita ce mai ƙwan LED da jan haske yake fitarwa tun asali, irin ta bayan keke. In babu, sai ka rufe tocila da jar leda ninki huɗu ko biyar, amma kada ka yarda da ita sai ka gwada. Ka samo tsohon faifan CD, ka haska shi a duhu, ka karkata shi. In ja kaɗai ka gani, ta yi. In ka hango zirin kore ko shuɗi, tana yoyo, ƙara ninki. Ko mai kyau ce ma, ka rage mata ƙarfi, kada ka kafe ta a kan dutsen.

Baƙar leda ma ka gwada ta. Ɗaga ta sama ka kalli rana ta ciki. Yawancin ta kasuwa za ka ga haske ruwan ƙasa yana ratsowa. Wannan ba ta tsare komai ita kaɗai.

1. Ka je da rana, ka nemi izini

Kada dare ya zama farkon zuwanka wuri. Je ka da rana, ka gaida jauro ko lawanin yankin, ka faɗa masa abin da ya kawo ka da daren da za ka dawo, ya haɗa ka da wanda zai raka ka. Baƙo da guduma da jar fitila a daji tsakar dare, kowa ya gan shi ba zai yi masa kyakkyawan zato ba. In ramin na kamfani ne ko gonar wani, mai wurin ake tambaya.

Wurin tarihi kuwa haramiyarka ne sai da takarda. Kamaru tana da dokar kare kayan gado ta 2013, kuma Ma'aikatar Fasaha da Al'adu ce ke kula da su. Zane-zanen da magabata suka sassaƙa a kan mabul na Bidzar suna cikin jerin wuraren da ƙasar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, kuma fasa dutse ya riga ya yi musu barazanar da ta ishe su. Don koyo, dutsen rami ko na gefen tudu ya wadatar. Ina roƙonka kada ka kai kurfi kusa da zane ko ɗaya.

Ka zaɓi dutse babba, lafiyayye, mara tsaga. Guji wanda gobarar daji ko ƙonan gona ta yi wa baƙi, da na kusa da inda ake gasa farar ƙasa, domin wuta ta riga ta fasa asusunsa. Ka share ciyawar da ke kewaye, ka duba ramuka. Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce da kunama, jan haske kuma ba ya nuna su da kyau. Ka sa alama da tarin tsakuwa.

2. Ka tabbatar dutsen ne

Ba kowane farin dutse ba ne. Karce shi da wuƙa: kalsait yana karɓar wuƙa, ƙanƙara ba ta karɓa. Sannan ka ɗiga lemun tsami ko binega a kan garin da ka karto. In ya yi ɗan kumfa yana tsuwa, shi ne. A can gefe za ka yi wannan, ba inda za ka ɗiba ba.

3. Ɗiba

Ka zaɓi daren da babu farin wata, ko farkon dare bayan wata ya wuce ashirin, lokacin da yake makarar fitowa. A ajiye motoci da babura nesa, fitilu a kashe, wayoyi a aljihu. In dole da rana za a yi, mutum biyu su danne gefen tamfol da duwatsu, kai ka shiga ciki da jar fitila. A bazarar Garwa, da zafi ke haura digiri 40, ba a jimawa a ƙarƙashin tamfol. Ka shirya komai kafin ka shiga.

A nan ne sababbin hannu suka fi ruɗewa, domin samfur iri biyu ne, kuma abin da ake so a ɗaya shi ake zubarwa a ɗayan.

Samfurin ciki shi ne na gwajin shanya. Ana son tsakiyar dutsen da haske bai taɓa gani ba. Ka ɓantaro gunduma kamar girman kwakwa, ko aƙalla dunƙulen hannu biyu, yadda in an fere bayanta za a sami abin aiki. Ƙarami ba shi da amfani, musamman farin mabul, don haske ya riga ya ratsa shi. Wannan irin ko da rana ana iya ɗauka in gundumar babba ce, muddin za a fere ta sosai a duhu.

Samfurin fuska shi ne na ƙiyasin shekarun gini. Nan fatar ce dukiyar, wato fuskar da ke manne da wani dutse tun ranar da magini ya ɗora shi. Ana ɓantaro ɗan yanki daga cikin haɗin, can inda duwatsun suka matsu sosai, santimita da yawa daga bakin da haske ke leƙawa. Kada ka goge fuskar, kada ka wanke, kada ka kankare, kada ta gogu da wani dutse. Duk labarin yana cikin kaurin da bai kai milimita ba. Ka sa alamar kibiya a bayan yankin don a san wace ce fuskar. Wannan aikin masu takardar izini ne, amma gara ka san shi tun yanzu.

Ko wane iri ne, kada ka yanka da injin yankan tayil a bushe. Zafin gogayya yana share ajiyar gefen yankan. In dole sai inji, a hankali, ruwa na zuba.

In tsautsayi ya sa wani ya haska farar tocila na ɗan ƙiftawa, kada ka jefar da samfurin, kada kuma ka ɓoye. Kalsait ba zai rasa abin kirki a ƙiftawa ɗaya ba, sai dai wasu ɗakunan gwaje-gwaje sukan tsamo 'yan ƙwayoyin ƙanƙara daga cikin dutsen su auna su daban, su kuwa ba su da wannan haƙurin. Rubuta abin da ya faru, ka ɗebo na biyu.

4. Naɗewa

Tun kana wurin, kafin ka miƙe. Takardar alminiyom ninki uku, kowane ninki bakinsa ya kalli wani gefe dabam. In dutsen yana da kaifi, fara naɗe shi da takarda mai kauri don kada ya huda. Sai baƙar leda biyu, a ɗaure da tef. Sai gwangwani, a zagaye murfin da tef. Lamba a jikin leda, lamba a jikin gwangwani.

Na koyi wannan da tsada. Wata shekara alminiyom ya ƙare mana saura samfur uku, na ce baƙar leda ninki biyu ta isa. Suka kwana biyu a bayan buɗaɗɗiyar mota, ga rana ga gargadar hanya. Da muka sauke, kaifin dutse ya yanka ledar, farin mabul yana leƙowa ta tsagar kamar haƙori. Biyu daga ciki samfurin fuska ne, kuma wurin ba na komawa ba ne a wannan shekarar. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. In alminiyom ya ƙare maka, tsohon tiyub na tayar mota ko baƙin yadi mai kauri ninki da yawa a cikin gwangwani ya fi leda kaɗai.

Kada a bar gwangwani a gaban gilashin mota ko kusa da inji. Inuwa.

5. Bayanan wurin

Wannan na wanda zai aika wa masana ne. Ana samun shekaru ta hanyar raba adadin radiyeshin da dutse ya tara da adadin da yake samu a shekara, don haka sai an san abin da ke kewaye da shi. Washegari da rana ka ɗebi kamar cikin gwangwanin madara na ƙasa da tsakuwar da ke cikin tazarar santimita 30 daga inda ka ciro samfur, ka zuba a leda mai zif ka rufe ruf don a auna danshi. Wannan bai damu da haske ba. Rubuta zurfin wurin daga saman ƙasa ko saman gini, da lambobin GPS na wayarka, da ko ruwa yana kwanciya a wurin da damina. Zurfin yana da muhimmanci domin dutsen farar ƙasa talaka ne wajen yuraniyom da fotasiyom, sai rabon da ke saukowa daga sama ya zama babba a lissafi.

6. Fere da niƙa

Toshe taga da kwali da bargo, cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Zauna a ciki minti goma ba fitila. Duk inda ka hango ɗigon haske, toshe. Da dare aka fi samun sauƙi.

Sa tabarau da takunkumi. Da kurfi ka fere santimita biyu daga kowane gefe na gundumar, ka tara ɓawon a gefe guda kada ya haɗu da tsakiyar. Share wurin, wanke hannu, sannan ka taɓa tsakiyar.

Yanzu niƙa, kuma nan ma akwai tarko. Duka da gurzawa mai ƙarfi suna ɓata fatar ƙwayoyin kalsait, su haifar da ƙyallin ƙarya wanda ba na asusu ba. Ba dakan sakwara ba ne. Naɗe gutsuren a takarda ka matse a bayis a hankali har ya ruguje. In turmi gare ka, danna taɓarya kake yi, ba bugu ba, kana tacewa akai-akai don abin da ya yi laushi ya fita daga turmin. Abin da ya ratsa matacin shayi ka riƙe. Sa shi a ƙyalle ka kaɗe ƙurar da ta yi laushin fulawa. Kana son ƙwaya kamar lallausan yashi.

Sai wanki: binega kashi ɗaya, ruwa mai tsabta kashi tara, ka zuba garin na minti ɗaya kacal, ka tsiyaye, ka ɗauraye sau uku. Wannan yana cire fatar da niƙa ta ɓata. Ruwan batir ko wani asid mai ƙarfi kada ya zo kusa, narkar da kalsait zai yi. Baza garin a faranti cikin akwati rufaffe ya bushe da kansa kwana biyu. Ban da wuta, ban da rana.

7. Shanya

Gauraya garin sosai, ka raba daidai da murfin kwalba ɗaya, a shafe bakinsa kowane awo. Kashi bakwai. Na farko a naɗe a ajiye a duhu, shi ne ma'auni, kuma shi kaɗai ne za ka auna wa fiye da sauran. Biyar za su sha rana: awa 1, awa 3, awa 10, awa 30, awa 100. Na bakwai a naɗe shi ruf da alminiyom a ajiye kusa da sauran a cikin ranar har ƙarshe. Mutane sukan raina wannan na bakwai, alhali shi ne shaidarka: ya sha ɗumin rana bai ga haskenta ba. In ƙyallinsa ya yi daidai da na farko, ka san haske ne ya ci sauran, ba zafi ba. In garin ya isa, yi kowanne bibbiyu.

Baza kowane kashi a farantinsa siriri ƙwarai, har kana ganin ƙasan farantin ta tsakanin ƙwayoyi. In ka tula, na sama ne kawai za su ga rana, su yi wa na ƙasa laima, sakamako ya fito kamar rana ba ta ci komai ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Rufe da siririyar farar ledar abinci saboda iska da kaji. Kada ka rufe da gilashin taga, yana tare wani ɓangare na altarabayolet. Duk bayan awa ɗaya ka ɗan girgiza farantin ƙwayoyi su juya.

Ƙidaya awannin rana mai ƙarfi kawai, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma, awa shida a yini. Awa 100 zai ci maka kwana 17. Da lokacin kowanne ya cika, kife masa wani faranti, kai shi ɗakin duhu, naɗe, sa lamba. Kowace rana rubuta yanayin sama. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, sama garau. In hazon hunturu ya sauka, rana takan yi rauni, ƙura kuma ta lulluɓe ledar. In a lokacin ka yi, riƙa sauya ledar, kuma kada ka haɗa sakamakonsa da na wani lokaci.

8. Karanta ƙyallin

Hanyar gida tukuna. Hura gawayi a tsakar gida, a waje. Kada ka shigar da shi ɗakin da ka toshe, hayaƙinsa mara wari yana kisa. Ɗora kaskon ya yi zafi sosai, yadda in ka goga tsinke zai bar baƙin layi nan take, amma kada ya kai ga yin ja. In kana da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, nemi digiri 350 zuwa 400. Kai ka riga ka zauna a duhu minti 15 zuwa 20 idonka ya buɗe. Abokin aikinka ne zai shigo da kaskon da awartaki ya ɗora a kan bulo. Ka rufe ido lokacin da ya buɗe ƙofa.

Kada ka gwada kashi ɗaya-ɗaya, domin zafin kasko ba ya maimaita kansa. Barbaɗa biyu a lokaci guda, na ma'auni a dama, wanda ya sha rana a hagu, da tazara a tsakani. Kashe jar fitila. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙwayoyin za su soma kamawa ɗaya bayan ɗaya, kamar an watsa taurari ruwan lemo a baƙin faranti, su yi ƙarfi, sannan su dushe daga tsakiya zuwa gefe. Ranar da na fara nuna wa wani ƙanena, shiru ya yi, can ya ce, "Yaya, ashe dutse ma yana da abin da yake ɓoyewa." Sake yi ka sauya musu gefe, ko da wani ɓangaren kaskon ya fi wani zafi. Saboda wannan maimaici, kashin ma'auni yana bukatar ya fi sauran yawa. Ka tanadi hakan tun wajen rabo.

Fara da na awa 100, shi ne bambancinsa zai fi fitowa. Na awa 1 da 3 ido ba lallai ya raba su da ma'auni ba. In wayarka tana da tsarin ɗaukar hoto na hannu, kafa ta a wuri ɗaya, buɗewa daƙiƙa goma ko fiye, saiti iri ɗaya kowane karo, filasha a kashe, hasken fuskar wayar a ƙasa.

Gwajin gaskiya: tattara garin da ya gama ƙyalli, bari ya huce, sake barbaɗawa a kasko mai zafi. Bai kamata ya yi komai ba, asusu ya fashe. In ka ga tartsatsi, ƙura ce ko ɗigon mai ke ƙonewa. Wanke kaskon da toka ka sake.

Wani dutsen ba zai nuna wa ido komai ba, ko don manganis ɗinsa kaɗan ne, ko don baƙin ƙarfen da ke cikinsa yana danne hasken. Ba laifinka ba ne. Shi ya sa nake gwada ɗan gutsure daga wuri kafin in ɓata kwana 17 a kansa.

Hanyar ɗakin gwaje-gwaje ita ce mai ba da lamba. Ana ɗora 'yan miligiram a kan ƙaramin faifan ƙarfe, na'ura irin ta Risø ta ƙasar Denmak ta ɗumama shi a hankali har digiri 450 ko 500 cikin iskar naitirojin, wadda ke rage ƙyallin ƙarya, tana ƙirga hasken a kowane mataki. Abin da za ka samu zane ne mai tuddai. Jera na kashi bakwai ɗin a takarda ɗaya.

9. Fahimtar abin da ka gani

Tuddan za su yi ƙasa da sauri a farko, sannan saurin ya ragu, daga baya su kusa tsayawa. Inda suka tsaya ita ce ragowa. In na awa 30 da na awa 100 sun kusa zama ɗaya, ka iso ta. In har yanzu akwai rata, dutsenka na son ƙarin kwanaki. Kowane dutse da halinsa, na rami ɗaya ma sukan saɓa, shi ya sa ba a aron sakamakon wani.

Wani lokaci za ka ga wani ɗan tudu ya ɓullo a ƙananan digiri a samfurin da ya sha rana, alhali babu shi a ma'auni. Kada ka ce na'ura ta lalace. Haske yakan ciro ilektron daga tarko mai zurfi, wasu su faɗa mara zurfi. Irin wannan tudun yana zubewa da kansa, don haka ka rubuta ranar da aka gama shanya da ranar da aka auna.

Ga dalilin duk wahalar, da lambobin misali kawai. A ce fuskar dutsen gini ta nuna gire 4, gire shi ne ma'aunin radiyeshin, wurin kuma yana ba da gire 1 a shekara 1,000. Mai gaggawa zai ce shekara 4,000. Gwajin shanya ya nuna ragowar gire 1 da rana ba ta iya ci. Ashe abin da aka tara bayan gini gire 3 ne, shekara 3,000. Ka juya kuma: in leda ta yage a hanya rana ta ci gire 1 daga cikin ukun, sai ginin ya koma na shekara 2,000, kuma babu na'urar da za ta gaya maka an yi ɓarna. Akwai ma tambayar da sai an yi hankali da ita: shin maginin ya bar dutsen a rana har ya kai ragowa kafin ya ɗora shi? In da safe ya sassaƙa ya ɗora da hantsi, shekarun za su fito fiye da gaskiya. Saboda haka ake ɗibar samfur da yawa daga gini ɗaya.

10. In za ka aika

Tuntuɓi malaman sashen ilimin ƙasa ko na kimiyyar lissafi da ƙarfi a jami'ar da ke kusa da kai, Marwa ko Ngaundare, ko cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati da ke Garwa, su nuna maka hanyar takardun fitar da samfur. Kafin ka tura komai, rubuta wa ɗakin gwaje-gwajen da zai karɓa ka tambayi girman da suke so. Manna takarda a kowane gwangwani da Faransanci, "Ne pas ouvrir à la lumière", da Turanci in waje za shi. Sa wani gutsuren dutsen iri ɗaya a farar leda a saman kwalin, wanda jami'in kan hanya zai iya juyawa a hannu ya gamsu ba tare da ya ɓalle tef ba. Kwafin littafinka ya bi kwalin, har da shafin da ka rubuta kurakuran da aka yi. Rabin kowane samfurin ciki kuma ka riƙe a gida, a naɗe, a ƙasan akwatin ƙarfe, ko da na hanya ya ɓata.